Sabarmu tana ɓacewa daga netwok, ARP ba ya samun amsa

Assalamu alaikum 'yan'uwa masana. Ni ke kula da kwamfutocin wani ƙaramin ofis, kuma sabarmu ta Linux ta hana ni sakat tun da muka canza mata katin netwok. Lambarta ta IP tana nan yadda take, 192.168.10.5, amma haka kawai sai sauran kwamfutoci su daina ganinta. Ping (gwajin ko na'ura na amsawa) ba ya wucewa, umarnin ip neigh mai nuna sakamakon ARP kuma yana nuna FAILED, babu adireshin MAC na katin. ARP shi ne tambayar da kwamfuta ke watsa wa kowa a netwok don neman adireshin MAC na mai wata lambar IP.

Ba DNS (mai juya suna zuwa lamba) ba ne, don ko da lambar na kira ta kai tsaye, shiru.

Ga abin da ya ɗaure mini kai: in na yi ping daga sabar zuwa kwamfutata, sai su ga juna na ɗan lokaci, sannan ta sake ɓacewa. Na kunna tcpdump (mai nuna saƙonnin da ke wucewa) a ɓangarorin biyu, tambayar ARP tana fita daga wajena amma ba ta isa sabar. Na canza waya, na share ma'ajiyar ARP, arping (mai aika tambayar ARP) bai nuna wata na'ura mai wannan lamba ba.

Shin swic (na'urar da ke haɗa kwamfutocin) ne ke tare saƙon da ake watsa wa kowa, ko direban sabon katin ne? Don Allah ta ina zan fara bincike?