"An riga an amsa wannan, je ka duba": wa aka taɓa yi wa haka?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum ƴan uwa. Jiya da dare muka yi ta gardama da ƙanena har kuran ya ɗauke ba mu gama ba. Mu da muke taimakon yara masu koyon rubuta kod a nan Damagaram muna da kundin da muke tara tambayoyin da aka amsa, to in yaro ya zo da tambaya, yaushe za ka ce masa an riga an amsa wannan je ka duba, yaushe kuma za ka zauna ka amsa masa daga farko? Shi ƙanen nawa cewa yake in saƙon kuskuren iri ɗaya ne to magana ta ƙare, tambaya ɗaya ce. Ni dai raina bai kwanta ba. Kowa ya faɗi abin da ya same shi da kansa don Allah.

Ƴar Birni:
Wa alaikumus salam yaya. Ka gaya wa ƙanenka ya zo in ba shi labari. Ina yi wa wani mai shago a Kasuwar Dole ɗan shirin lissafi da Python, kuɗin yana cikin fishiye na Excel, ina karantowa sai ya tsaya ya ce ValueError, could not convert string to float, wato ya kasa mai da rubutun lamba. Na kai wa wani babbanmu, ko allon bai duba da kyau ba ya ce ai an amsa wannan tun bara, Excel na Faransanci waƙafi yake sawa a 12,5 shi kuma Python ɗigo yake so, ki canza waƙafi ya koma ɗigo shi ke nan. Na canza, abu na nan. Na koma ya ce ban karanta amsar da kyau ba, wallahi har na fara zargin kaina, kwana uku ina kai. Ashe nawa ba waƙafi ba ne sam, kuɗin CFA ne ina ruwansa da waƙafi, fili ne tsakanin dubu da ɗari kamar 12 500, kuma ba filin da kake bugawa da madannai ba, wani ne daban da ake sawa don kada lamba ta rabu gida biyu a ƙarshen layi, ido ba ya bambanta su. Sai da na sa repr, umarnin da ke nuna rubutu har da ɓoyayyun haruffansa, na ga \xa0 zaune a tsakiyar lambar. Saƙon kuskure ɗaya, ciwo daban.

Malamin lissafi:
Ƴar Birni ki yi haƙuri, amma bari in tsaya wa masu amsa kaɗan. Duk shekara in an koma lekol a watan Oktoba sai na sami yara sun fi a ƙirga da tambaya guda, na girka Python amma Windows ya ce bai san wannan umarnin ba. Amsarta ɗaya ce tun da nake, ba ka sa alamar ƙara shi cikin PATH, jerin wuraren da Windows ke neman umarni, ba lokacin girkawa. Wannan in na ce je ka duba kundi ban zalunci kowa ba. Haka IndentationError, kuskuren tazarar farkon layi. In na tsaya rubuta wa kowa daga farko, mai tambaya ta gaske irin taki ba zan sami lokacinsa ba.

Ƴar Birni:
Gaskiya ne Malam, wannan ban musa ba. Ni abin da ya ci min rai dawowar da na yi na ce na gwada bai yi ba, aka sake turo ni wuri ɗaya.

Ɗan Mirya:
Nawa ya sha bamban da naku, amsar da aka tura ni gare ta daidai take, amma a zamaninta. Ina haɗa harshen kod na PHP da ma'ajiyar bayanai ta MySQL, aka ba ni wata tsohuwar amsa mai mysql_connect, na kwafa tsaf, kwamfuta ta ce babu wani abu mai wannan suna. To dama tun PHP 7 da ya fito a 2015 aka cire su, yanzu mysqli ko PDO ake amfani da su. Tambayar dai ita ce waccan ta da, kalma da kalma ma, amma amsar ta mutu an bar gawarta a kundi. Irin haka ke faruwa da Python 2 da aka daina kula da shi tun 1 ga Janairu 2020, yaro ya kwafi print marar baka biyu a tsohuwar amsa ya sa a Python 3 ya ƙi, ko ya ga an ce 5/2 na ba da 2 shi kuma ya sami 2.5 ya rikice. Yaya Ɗan Zango, kundin naku akwai kwanan wata a kan amsoshin kuwa?

Ɗan Zango:
Babu fa. Ka kama ni.

Mai gyaran kwamfuta:
To ni laifin a kaina yake, ni na yi wa wasu. Yara biyu suka zo min a mako ɗaya kan haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ ɗ ƙ ƴ. Ɗaya ya ce in ya adana suna mai ƙ a MySQL sai ta fito alamar tambaya, ɗayan ya ce tasa ƙ ɗin Æ™ take komawa. Na ce duk abu ɗaya ne, ku sa tsarin haruffa na UTF-8, na tura su amsa guda ina jin na burge. Na biyun ya gyara a take, don shi bayanansa lafiya lau suke a ciki, wajen nunawa ne ake karanta su da tsarin haruffan Turawan Yamma. Na farkon kuwa tsarin haruffan teburinsa latin1 ne, kuma latin1 ba shi da ƙ sam, tun lokacin shigarwa aka jefar da harafin aka ajiye alamar tambaya a gurbinsa, ko me ka canza daga baya ba ta dawowa. Sunayen ɗalibai ne na wata makaranta, yaron nan sai da ya bi takarda ya sake bugawa da hannu, kuma ya ɓata kwanaki yana gwada amsar da na ba shi kafin ya gane. Har yau in na gan shi kunya nake ji. Tun daga nan ba na cewa an amsa sai na ɗauki tsohuwar amsar na gwada ta a kan kod ɗin mutum, in ta yi aiki ba tare da na ƙara komai ba to tambaya ɗaya ce, in sai na yi mata ƙari to tasa daban ce.

Malamin lissafi:
Wannan ma'aunin ya yi, amma wa ke da megan da lokacin gwada kowace?

Mai gyaran kwamfuta:
Ba kowace ba Malam, ta PATH ai daga gani ka sani. Wadda mutum ya dawo ya ce na gwada bai yi ba nake nufi.

Autan Garin Malam:
Ku bari in ba ku dariya. Wani abokina jimillar kuɗinsa ba ta fitowa daidai, nan da nan aka ce masa ai matsalar nan ce ta 0.1 + 0.2 da ba ya ba da 0.3 cif, sananniya ce, je ka karanta. Ya yi ta karatun yadda kwamfuta ke adana lamba mai ɗigo har kansa ya yi zafi. Da na leƙa sai na ga bambancin ba ɗan ƙurar bayan ɗigo ba ne, a wasu kayan ninki biyar ne cur. Mai shagon da dala yake faɗa masa farashi, ya ce dala ashirin shi kuma ya rubuta 20 a maimakon 100, wasu kayan kuma daga takardar sari ya kwafo su da faran. Wace tsohuwar amsa ce za ta san dala?

Ɗan Zango:
Hhhh kai Auta. Ƙanena na karantawa a gefena, ya ce har yanzu bai sauka ba, wai in ba a tura mutane kundi ba ba za su koyi bincike ba. Ƴar Birni don Allah turo min layin nan na repr in ƙara shi ƙarƙashin amsar waƙafin, Ɗan Mirya kai kuma ranar Asabar ka zo mu bi na PHP ɗaya bayan ɗaya mu sa musu shekara.