Neman ƙananan kayan gyaran Peugeot 504 a Sakkwato

Mai 504, Mabera:
Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ina aikin farfaɗo da Peugeot 504 ta mahaifina, Allah ya jiƙansa, ƙirar 1982 wadda aka harhaɗa a Kaduna. An sauke inji an gyara, an kuma gama aikin jiki da fenti, amma ƙananan abubuwa sun tsayar da ni: jet ɗin kafireto (ɗan ƙarfen nan mai huji da ke auna fetur ɗin da ke shiga inji), 'yan maƙalan da ke riƙe ƙarfen ado na gefen ƙofa, murfin fitilar baya ta hagu, da robar gilashin gaba. Duk shagon da na shiga a cikin gari sai a ce an daina kawo su. Ba na son in liƙa mata kayan wata mota, domin a cikinta mahaifina ya riƙa kai mu makaranta, kuma ina son ta koma yadda na san ta. Ina zan nufa?

Tsohon Bakanike:
Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya gafarta wa mahaifinka. Da farko, kada ka yar da ko da ƙusa ɗaya da ka kwance, ko ta lalace, domin ita ce samfurinka a kasuwa. Mai shago ba ya gane kwatance, abin da ya gani a tafin hannunka shi yake nema. Jet yana da lamba a jikinsa, sai ka wanke shi da fetur ka karanta, ka kuma duba sunan kafireton, wanda galibi Solex ne. Idan injinka mai lita 2 ne, ka sani cewa irinsa aka sa wa wasu 505, saboda haka ka tambayi kayan 505 ma. Abin da na fi jan kunnenka a kai shi ne noti. Motocin Faransa na wancan zamani suna da ƙusoshi masu kaurin milimita 7, waɗanda sifana mai lamba 11 ke kamawa, kuma na sha ganin yaran gareji sun tursasa wata ƙusar daban a ramin har zaren ya cinye. Ka tsaya a kansu ranar ɗauri.

Ɗan Kasuwar Illela:
Malam, tun 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a Kaduna, kuma 504 ta daɗe ana yin ta a can bayan an daina a Faransa, don haka gawarwakinta ba su ƙare ba. Maƙalai da murfin fitila a jikin matacciyar mota za ka same su. Ka fara da 'yan gwangwan kafin su sare ta su auna a kilo, sannan kasuwar Panteka a Kaduna da ta Ƙofar Ruwa a Kano. In ba a dace ba, ka tsallaka Birnin Ƙonni da 'yan sefarka. Sai dai ka lura, fitilar baya ta salun daban take da ta wagon da ta a-kori-kura, kada a sayar maka da wadda ba za ta zauna ba.

Tsohon Bakanike:
Gaskiya ne, amma ban da roba. Robar da ta sha ranar Sakkwato shekara da shekaru ta riga ta bushe, tana fita daga jikin tsohuwar mota za ta tsattsage, kuma ruwan Agusta na farko zai shigo maka ta gefen gilashi. Wannan kam sabuwa za ka nema, ko da ta intanet ne daga masu sayar da kayan tsofaffin motoci a Faransa.

Mai 504, Mabera:
Na gode ƙwarai, Baba, Allah ya saka da alheri. Na wanke jet ɗin yau da safe kuma lambar ta fito sarai. Na zuba samfuran a gwangwanin madara, ranar Asabar in sha Allah zan kama hanyar Kano.