Jama'a ku ba ni shawara, zuciyata ta gaji

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri da tsawon maganar, kwana uku ke nan ina rubutawa ina sharewa. Ba zan faɗi sunana ba, don da yawa cikinku kun san fuskata a Kasuwar Dole.

Shekara 9 na yi ina sarin atamfa da shadda a Kantin Kwari ina kawowa nan Damagaram. In na tashi da asuba na bi ta Matamai da Ɗan Barto na faɗa Daura, da rana ina Kano, washegari na ɗauro kaya. Ban yi kuɗi ba, amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidana ba. Farkon 2023 aka canza naira, abin ya same ni da tsofaffin takardu a hannu, na ba 'yan canji da faɗuwa. Ban gama miƙewa ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka, alhali ina da dila 4 a Kano da na biya rabin kuɗinsu. Na jira wata biyu, mai kaya yana ta kira, sai na ba wasu yara masu babur su shigo da su ta daji. Dila 2 suka iso. Sauran biyun har yau sai labari, wannan ya ce an kama, wancan ya ce a rafi suka faɗa. A cikinsu akwai ankon biki na wata baiwar Allah da ta riga ta biya, turmi 30, sai da na mayar mata da kuɗinta daga aljihuna, kuma har yau in mun haɗu a hanya ba ta amsa gaisuwata.

Da aka buɗe iyaka a watan Maris na 2024 jarina ya riga ya karye. Sai kuma daminar shekarar. A makon da tsohon masallacin Birni ya rushe, bangon ɗakinmu ya zauna da dare. Allah ya tsare rai, yaran suna ɗakin mahaifiyata. Amma sauran turamen da nake taƙama da su suna ƙarƙashin gado, jar laka ta shige su. Da safe na shanya su a kan igiya ina kallo, launin wannan ya zuba cikin wancan, kamar an yi rini da gangan.

Yanzu rumfar tana hannun wani. Iyali suna Mirya. Akwai bashi a kaina.

Ba kuɗi na zo roƙo ba. Abin da ke ba ni tsoro shi ne zuciyata. Da, ko ladan bai kira ba ina farke. Yanzu asuba tana wuce ni idona biyu, ina jin kiran, jikina ya ƙi tashi. In na ɗaga hannu sai in rasa abin da zan faɗa, in shafa haka nan. Wani abokina da ke wurin zinariya can arewa ya ce in taho. Don Allah, waɗanda suka taɓa shiga irin wannan, da me kuka riƙe zuciyarku?

Ɗalibin zaure:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya yaye maka. Ka duba Suratu Yusuf aya ta 87, inda Annabi Yaƙub ya ce wa 'ya'yansa kada su yanke ƙauna daga rahamar Allah. Mutumin da ya faɗi haka ya yi shekaru bai ga ɗansa ba, idonsa har ya yi fari don baƙin ciki. Ka ga ashe baƙin ciki da imani suna zama zuciya ɗaya. In ka rasa abin faɗa, riƙe addu'ar Annabi Yunus a cikin kifi: La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin. Gajeriya ce, ko kana kwance sai ka faɗe ta.

Alhaji na Zango:
Yaro, saurara. Abin da kake kuka a kai mun gan shi tun ba a haife ka ba. A 1984 Buhari ya rufe iyaka, ya canza launin naira, ga fari a kanmu. Yunwar shekarar har sunansa aka sa mata, 'Yar Buhari, tambayi kowane tsoho daga nan har Maraɗi. Ni da kaina na tuƙa tuwon dusa na ci. A watan Janairu na 1994 aka karya sefa, muka kwana da kuɗi muka tashi da rabinsu. Ban bar sallah ba, ban bar gari ba. Na sayar da agogona na sayi gishiri da kanwa, na dinga bin kasuwannin ƙauye a kan jaki.

Ku 'yan yanzu matsalarku girman kai. Wanda ya saba zama cikin rumfa da fanka ba ya son a gan shi da tire a ka. Sannan ba ka faɗa mana nawa ne bashin ba, kuma na wa. Likita ba ya ba da magani sai ya ga ciwo.

Mushe ɗan kwantaragi:
Alhaji, da girmanka, zamaninku daban. Ni shekara 11 ina koyarwa a lekol ɗin ƙauye bayan Dungas, ajin zana, yara suna zaune a ƙasa. Ɗan abin da ake ba mu in ya zo mai shago ya riga ya cinye shi a littafinsa. Har yau ba a ɗauke ni dindindin ba, waɗanda na koya wa ƙidaya wasunsu sun riga ni samun lamba. In ana maganar haƙuri mu ya kamata a tambaya. Ɗan'uwa, kai ko ka taɓa riƙe dila 4. Ni turmi ɗaya sai na yi adashe.

Uwar 'yan biyu:
Ƙanena, ni wuri ɗaya na tsaya. Ka ce iyali suna Mirya ka wuce da sauri kamar wanda ya taka wuta. Tafiya ta yi ko kai ka kai ta? Yaji ne?

Mai neman shawara:
Yaya, ba yaji ba ne. Da ɗaki ya faɗi na ce ta je gida kafin in gyara. Wata 7 ke nan. Mirya ba nisa, ina zuwa in na samu na mota. Alhaji, bashin jika 800 ne, wato sefa dubu 800, na yayanta ne. Shi ya ba ni lokacin da iyaka ke rufe don in cike kuɗin kayan.

Uwar 'yan biyu:
Ashe! To ai ga ciwon nan. Matarka tana cin tuwon gidan wanda yake bin ka bashi, yaya za a yi ka iya barci? Yaushe rabonka da zuwa? Faɗi gaskiya.

Alhaji na Zango:
Na faɗa. Bashin suruki ya fi na banki ɗaci. Yanzu abin yi ɗaya ne: ka samu dattijo guda a unguwarku, ku tafi Mirya ranar Lahadi, ku zauna da yayan nata. Ka ce masa ga abin da ya faru, zan riƙa ba ka jika 10 duk wata. A rubuta, a sa shaidu. Kana da babur? Sayar. Kana da gona ko fili? Sayar. Ka ɗauko matarka ko rumfar kara ce ku zauna. Wanda ya ɓuya wa mai binsa bashi shi ya mayar da kansa ɓarawo.

Mai neman shawara:
Alhaji ban ɓuya ba. Wayata a buɗe take. Babur kuwa ba zan sayar ba, da shi nake kai mahaifiyata likita, tana da hawan jini. Filin da ke akwai na gado ne, mu 6 ne a kai. Kuma jika 10 a wata, ku lissafa, shekara 6 da wata 8 ke nan. Wa zai jira?

Ɗalibin zaure:
Shari'a ta ce ya jira. Baƙara aya ta 280, in wanda ake bi yana cikin ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi. Amma fa sai ka je ka nuna masa ƙuncin da bakinka.

Ɗan kabu-kabu:
Maigida, kana da babur kana zaune? Fito tasha mana. Da kunya da yunwa zaɓi ɗaya. Sai dai in gaya maka gaskiya, mun yi yawa, ga adaidaita sun cika gari, fasinjan dala 40 sai mutum biyar su rufa masa. Jiya tun safe har azahar abin da na samu bai wuce kuɗin mai ba, na koma gida na tarar famfo bai kawo ba kwana huɗu, uwargida tana jiran in sayo bido wurin 'yan garuwa. Garin nan tun ina yaro ake maganar ruwa, na yi aure na haihu ana maganar ruwa. In bazara ta yi sai ka ga bido a jere tun daga bakin famfo har kwanar titi, mata suna kwana a layi.

Mushe ɗan kwantaragi:
Ai ku a birni kuna da famfon da za ku jira. Mu rijiya ce gaba 20.

Wanda ya dawo daga arewa:
Ku bar maganar ruwa, mutum yana shirin shiga Sahara. Ɗan'uwa, na je. Lokacin da zinariyar Jado ta fito a 2014 ina cikin waɗanda suka sayar da shanu suka tafi, har aka rufe wurin a 2017 ban mayar da kuɗin na'ura ba. Daga nan na shiga Aljeriya, aka kwashe mu aka zubar bakin iyaka, muka taka da ƙafa har Asamaka. Abokinka zai nuna maka hoton wanda ya samu, ba zai nuna maka ramin da ya rufta da mutane ba. Kuma kar mu manta mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a 2013 a kan hanyar Aljeriya, yawancinsu mata da yara daga wajen Kance. 'Yan'uwanmu ne.

Wani daga Sabon Gari:
Amma wasu sun samu, a faɗi gaskiya. Maƙwabcina da kuɗin zinariya ya gina gidan siminti. Arziki yana ƙafa. In ya zauna nan Alhaji ne zai biya masa jika 800?

Alhaji na Zango:
Ba zan biya ba, kuma ba zan tura ɗan mutane rami ba. Wanda ya kasa tashi sallar asuba a kan katifarsa, a bakin rami zai tashi? Ka fara gyara tsakaninka da Allah, yaro. Barin sallah shi ke toshe arziki, ba rufe iyaka ba.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba Alhaji, a yi masa a hankali. Bai ce ya bar sallah ba, cewa ya yi yana jin kira jikinsa ya ƙi tashi. Rashin barci, mutuwar jiki, abin da kake so da ya daina yi maka daɗi, in suka haɗu suka daɗe muna ganinsu a wurin aiki, ciwon damuwa ne, yana kama mai sallah da marar sallah. Ɗan'uwa, kana cin abinci? Ka rame? Tunanin gara ka mutu ka huta yana zo maka? In eh, kar ka riƙe shi kai kaɗai, ranar da ka kai Inna awon jini ka gaya wa likitan abin da ka gaya mana, kuma ka samu wani na jikinka ka faɗa masa. Wannan bai hana addu'a ba.

Mai neman shawara:
Na gode malama, amma ni ba mahaukaci ba ne. Ina cin abinci in an samu. Wancan tunanin kuma Allah ya kiyaye, ina da yara 3. Bashi ne kawai. In na biya shi zan warke.

Kuma masu turo min saƙo a gefe cewa laifina ne da na ba yaran daji kaya, ku da kuna wurin me za ku yi? Kowa a kasuwa haka ya yi a lokacin. Na wasu ya iso, nawa bai iso ba. Ragon suna da ake ta maganarsa kuwa, eh na yanka, shi ne ɗana namiji na fari bayan mata biyu, ba zan bari a ce an yi suna babu rago ba.

Uwar 'yan biyu:
Wane rago kuma? Da kuɗin yayan nata ka saya? Kai ƙanena! Kuma har yanzu ba ka amsa min ba, yaushe rabonka da Mirya.

Inna mai ƙuli-ƙuli:
Jikata ce ke rubuta min. Ɗana, shekarar 2005 maigidana ya rasu ana tsakar yunwa, ya bar ni da yara 5 da tiya biyu ta hatsi. Na yi wata da watanni in na yi kabbara ban san me nake karantawa ba. Wata maƙwabciyata ce kullum take buga min ƙyaure da asuba, ba ta cewa komai, sai ta ajiye buta ta tafi. Ban san ranar da abin ya sake ni ba. Daga baya muka shiga asusun Mata Masu Dubara, dala 20 duk mako, da shi na sayi gyaɗar farko. Ka nemi wanda zai buga maka ƙofa. Shi ke nan abin da na sani.

Alhaji na Zango:
To ka ji. Abin da nake faɗa tun ɗazu ke nan: sayar da babur, tafi Mirya.

Ma'aikaciyar jinya:
Baba, ba haka Inna ta ce ba.

Mai neman shawara:
Na karanta duka, Allah ya saka. Inna, maganarki ta sa ni hawaye. Sai dai maƙwabcin da zai buga min ƙofa shi ma ina riƙe da jika 15 nasa. Abokin nawa ya ce akwai mota ranar Alhamis zuwa Agadas. Ban biya ba, ban kuma ce masa na fasa ba. Mirya zan je, amma ba hannu rabbana ba, sai na samu abin da zan riƙa.

Wani daga Sabon Gari:
In za ka tafi ka tafi kafin zafi ya shigo.

Uwar 'yan biyu:
Turamen nan da laka ta ɓata, suna nan ko ka zubar? In suna nan ina so in gani, na yara zan ɗinka, su ba ruwansu da launi. Nawa za ka bar min turmi?