Malamina ya yi shiru da babin da na tura, ina mafita?

Autar Hajiya: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin tarihi, ina rubutu a kan fataucin goro na Hausawa a arewacin Kamaru. Tun kafin azumi na tura wa malamin da ke duba memuwar ɗina, wato kundin bincikena, babi biyu ta imel, har yau shiru. Na bi da saƙon WhatsApp, ya buɗe, bai ce komai ba. In ci gaba da babi na uku ne, ko in nemi a canza mini malami?

Ɗan Kusuri: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, cire maganar canji daga ranki tukuna. Sai ya sa hannu kafin a karɓi kundinki, kuma ranar sutanas, wato ranar kare kundin, shi ne zai zauna a matsayin raportar, mai ba da rahoto a kan aikinki, tare da shugaban juri, wato kwamitin da zai yanke maki, da mai jarrabawa. Wanda za a ba ki a madadinsa ƙofa da ƙofa suke, ba lalle ya so ɗaukar ɗalibar da ta baro abokin aikinsa ba. Canji sai in abu ya kai ga cin mutunci ko neman abin da bai dace ba. A nan kam, ki wuce kai tsaye wurin shugaban sashe.

Maman Ummi: Zuwa da kai ya fi saƙo. Ki buga babin a takarda, fuska ɗaya, ki bar fili tsakanin layuka da gefe don jan bironsa ya samu wurin zama. Ki tambayi sakatariyar sashe ranar da yake da aji, ki tsaya a bakin ƙofa. Tunda aka buɗe jami'ar Marwa a 2008, aka ƙara ta Garwa a 2022, malamai da yawa a hanya suke, yau Dang, inda jami'ar Ngaundere take, gobe Garwa, jibi Yawunde. Nawa malamin a jirgin ƙasan dare na Ngaundere ya karanta mini babi, ya dawo da shi da tabon shayi a shafin farko.

Malam Tsohon Ɗalibi: Ni ina duba ɗalibai, bari in faɗa muku abin da muke gani daga wannan ɓangaren. Auta, kafin ki rubuta babi biyun nan, kun zauna da shi a kan tambayar bincikenki da tsarin babobin? Ya amince?

Autar Hajiya: Taken kawai ya amince da shi, Malam. Ya ce in je in yi karatu.

Malam Tsohon Ɗalibi: To ga inda gizo ke saƙa. Idan ɗalibi ya turo mini shafi masu yawa alhali ban san tambayar da yake son amsawa ba, ajiyewa nake yi, domin gyaran ba na jimla ba ne, na tushe ne, kuma ba a yin sa ta waya. "Fataucin goro" take ne, ba tambaya ba. Wane zamani, na Jamus ne kafin 1916, ko na Faransa har zuwa 1960? Wane gari? Me ya canza, kuma a hannun wa? Ki rubuta shafi biyu rak: tambayar, zaton da kike yi, jerin babobi, da inda za ki samo bayani. Su za ki kai masa. A ƙasa ki sa tambayoyi biyu ko uku waɗanda zai iya amsawa yana tsaye. Bayan kun rabu, ranar nan ki tura masa ɗan saƙo: Malam, abin da na fahimta mun tsayar shi ne kaza da kaza. Mu ma muna mantuwa. Na sha cewa ɗalibi ya cire wani sashe, bayan wata biyu in tambaye shi ina sashen.

Babi na uku kuwa ki dakata da shi, amma kada ki zauna. Ki nemi takardar izinin bincike daga jami'a ki fara hira da dattawan unguwar Hausawa, ba wanda zai ce ki cire wannan.

Baban Sadiq: Ni dai a ganina kada ta je hannu rabbana. Ɗan kilishi ko zumar Adamawa ba cin hanci ba ne, al'ada ce.

Maman Ummi: A'a, Baban Sadiq. Mace ce, kuma makinta na hannunsa. A bari sai an gama sutanas, ta kai har rago in tana da hali. Kuma Auta, ofis da rana, ba gida ba, ba otal ba.

Ɗan Kusuri: Na goyi bayan Maman Ummi. Ƙarin shawara: ki nemi sauran ɗaliban da yake dubawa. Mu da muke zuwa daga Cadi haka muka yi, in ɗaya zai haye gadar Ngeli da ke kan iyakar Cadi da Kamaru, sai ya tattara takardun kowa, ya dawo da gyaran kowa. Ki kuma ari memuwar ɗin wani da ya gama a hannunsa, nan za ki ga yadda yake son a jera madogara. Ki sa Zotero, manhajar jera madogara, a kwamfutarki tun yanzu, kyauta ce.

Malam Tsohon Ɗalibi: Saura ɗaya. Hirarrakinki da Hausa da Fillanci za su kasance, kundin kuma da Faransanci. Ki tambaye shi tun wuri ko yana son maganar dattijo a harshenta sannan fassara a ƙasa, ko fassarar kaɗai. Juri na yawan tsayawa a nan, musamman idan a cikinsu akwai mai jin harshen.

Autar Hajiya: Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Sakatariya ta ce yana da aji ranar Talata da safe. Malam, in na gama shafi biyun yau da dare, zan iya turo maka ka duba kafin in buga?

Malam Tsohon Ɗalibi: Turo, amma bayan isha'i. Rubutun kawai zan gyara miki, tambayar kuwa tsakaninki da malaminki ce.