Na daina cin nama: in ci gaba da cin ƙwai ko shi ma in bar shi?

Hauwa'u:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah shawara nake nema. Tun bara na daina cin nama da kifi. Ba haramta wa kaina na yi ba, raina ne ya fita daga kansu bayan na karanta yadda ake cunkusa dabbobi a manyan gidajen kiwo. Madara ina sha jefi-jefi, ƙwai kuwa kusan kullum sai na ci da safe. To wata ƙawata da ita ma ba ta cin nama ta ce min wai ban bar komai ba tunda ina cin ƙwai, domin ƙwai ɗan tsako ne da bai ƙyanƙyashe ba. Maganar ta tsaya min a rai har na dakata da ci. Mahaifiyata kuma hankalinta a tashe yake, ta ce idan na bar ƙwan ma me zai riƙe ni. Ga shi kwanan nan ina yawan jin kasala, in na hau bene sai in riƙa haki. Shin ya dace wanda ba ya cin nama ya ci ƙwai? In kuma na bari, ina zan samu furotin da zai ishe ni? Nauyina kilo 60 ne.

Malam Sani:

Wa alaikumus salam Malama Hauwa'u. Ƙawarki ta yi kuskure a maganar ɗan tsako. Kaza tana yin ƙwai ko da zakara ko babu, kuma a gidajen gonar da ke kiwon kajin ƙwai ba a haɗa su da zakaru. Irin wannan ƙwan ko an kwanta a kansa kwana 21 ɗin da ake buƙata, babu tsakon da zai fito.

Sannan marasa cin nama ba iri ɗaya ba ne. Ƙungiyar Vegetarian Society da aka kafa a Ingila a 1847 tana lissafa mai cin ƙwai da shan madara a cikin marasa cin nama. Waɗanda suka ga ya kamata a bar duk abin da ya fito daga dabba su ne suka ware a 1944 suka kafa Vegan Society, ƙarƙashin Donald Watson da abokansa. A Indiya kuwa da yawan marasa cin nama suna shan madara amma ba sa taɓa ƙwai, har ma abincin leda da aka sa wa ƙwai ba a ba shi koren tambarin da ke nuna babu nama a ciki. Kowa da inda ya ja layinsa, babu wanda zai ce nasa ne kaɗai daidai.

Anti Binta:

Ƙanwata, harkar abinci mai gina jiki na karanta, bari in yi miki lissafin a fili don hankalin Mama ya kwanta. Baligi mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa. Ke mai kilo 60, giram 48 ke nan a rana. Babban ƙwai ɗaya giram 6 ne, biyu 12. Kin ga ko kina cin biyu kullum, kashi ɗaya cikin huɗu kawai suke ba ki, sauran daga wani wurin yake zuwa tun da ma.

Yanzu cire ƙwan gaba ɗaya mu gani. Kofi ɗaya na dafaffen wake, wajen giram 15. Kofin madara, 8. Gyaɗa cikin tafin hannu, kamar giram 30, tana ba da 7. Awara giram 100, daga 8 zuwa sama, gwargwadon yadda aka matse ruwanta. Dafaffiyar shinkafa kofi biyu, wajen 8. Kin kai 46 ba ki ma lissafa burodi ko riɗi ko ganye ba. Wanda yake cin abinci ya ƙoshi, kuma wake ko waken suya yana shiga tukunyarsa kullum, da wuya furotin ya gaza masa.

Abin da ake yaba wa ƙwai shi ne ingancin furotin ɗinsa. Cikin amino asid 20 da jiki ke aiki da su, wato ƙananan tubalan da ake gina furotin da su, 9 ba ya iya haɗa su da kansa, dole sai daga abinci, kuma ƙwai yana da dukkansu yadda jiki ke so. Hatsi yana da ƙarancin ɗaya mai suna laisin, wake kuma yana da shi da yawa amma nasa metiyonin ne kaɗan. Sai ɗaya ya cike giɓin ɗaya. Ba sai a faranti guda ba, in kin ci hatsi da rana kika ci wake da dare ya wadatar. Waken suya shi kaɗansa ma ya kusa cika.

Ni abin da ya fi damuna a saƙonki ba furotin ba ne, kasalar nan ce da hakin hawan bene. Akwai bitamin B12, wanda jini da jijiyoyi ke buƙata, kuma tsirrai ba sa samar da shi. Babu shi a wake, babu a gyaɗa, babu a ganye. Baligi yana buƙatar maikirogiram 2.4 a rana, ƙwai ɗaya kuma wajen 0.5 yake da shi, kusan duka a cikin gwaiduwa. Kofin madara yana ba da kusan rabin buƙatar rana. Ke da kike shan madara jefi-jefi, ƙwan nan ne kusan kaɗai hanyarki ta samun B12, shi ma bai ishe ki ba. In kika ajiye shi ba tare da kin maye gurbinsa ba, kin toshe 'yar ƙofar da ta rage.

Yaya Usman:

Ni na daɗe da barin ƙwai, kuma ina so Hauwa'u ta ji ɗaya ɓangaren, tunda ta ce tausayin dabbobi ne ya raba ta da nama. Gaskiya ne babu tsako a cikin ƙwan, amma ki tambayi inda 'yan'uwan kazar maza suke. A wuraren ƙyanƙyasa, rabin tsakin da ke fitowa zakaru ne. Ba za su yi ƙwai ba, kuma irinsu ba ya yin nama da sauri, don haka a yawancin ƙasashe ranar da suka fito ake kashe su. Jamus ta hana wannan tun farkon 2022, amma a mafi yawan duniya ana ci gaba. Ita kazar kuma tana yin ƙwai kusan 300 a shekara, sau da yawa a cikin kejin da ba ta iya buɗe fukafukanta, in ƙwan ya ja baya a kai ta mayanka. Abin da ya kore ki daga nama yana nan a harkar ƙwai. Ban ce dole ki bari ba, amma ki yanke hukunci kina sane.

Ni ina shan ƙwayar B12, kuma ina lafiya.

Anti Binta:

Malam Usman, maganarka gaskiya ce, kuma na ji daɗi da ka faɗi ƙwayar da kake sha, don mutane da yawa suna kwaikwayon barin ƙwan su manta da wannan ɓangaren. Sai dai in za a bi wannan ma'aunin, madara ma ba ta tsira ba, tunda saniya ba ta ba da nono sai ta haihu, kuma 'yan maruƙa maza ba su da amfani a gidan tatsa. Shi ya sa nake ganin a bar Hauwa'u ta tsaya inda zuciyarta da jikinta za su iya ɗauka. Akwai tsaka-tsaki: ta nemi ƙwan kajin da ake sakinsu suna yawo, a hannun mai kiwon da ta ga yadda yake riƙe su. Wannan bai warware maganar tsaki maza ba, amma ya rage ta keji.

Maman Khalil:

Ni tsorona kolestarol ne. An sha ce mana gwaiduwa tana toshe jijiyar zuciya, ni fari kawai nake ci in zubar da ita. Ba gara ta bari ba?

Sista Rabi:

Maman Khalil, in Hauwa'u ta zubar da gwaiduwa ta zubar da abin da take nema, don B12 da bitamin D da kolin (wani sinadarin da ƙwaƙwalwa da hanta ke buƙata) can suke. Gaskiya ne babban ƙwai yana da kolestarol wajen miligiram 186, amma mafi yawan wanda ke yawo a jini hanta ce ke haɗa shi, kuma kitse mai daskarewa ya fi ɗaga shi a kan wanda ake ci a abinci. Hukumomin Amurka ma a 2015 sun cire iyakar miligiram 300 a rana daga jagoransu na cin abinci. Ga mai lafiya ƙwai ɗaya a rana ba abin tsoro ba ne. Mai ciwon suga ko ciwon zuciya, ko wanda kolestarol ɗinsa ya riga ya hau, shi ne zai zauna da likitansa su tsayar da adadi.

Hauwa'u, ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma roƙonki nake: kafin ki yanke maganar ƙwai ki je a ɗebi jininki. A duba yawan jinin, a duba feritin wanda ke nuna ajiyar sinadarin ƙarfe, a duba B12. Kasala da haki a mace mai jinin al'ada wadda ta bar nama, abu na farko da muke zargi ƙarancin jini ne saboda rashin ƙarfe. Ƙwai ba zai magance wannan ba, ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne kuma jiki ba ya zuƙarsa sosai. Shi B12 hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa mutum zai daɗe yana ganin lafiyarsa ƙalau alhali ajiyar tana ƙarewa a hankali. In ya ƙare sai a fara jin yatsun hannu da na ƙafa suna sagewa ko suna tsira kamar ana soka allura, ga mantuwa, wani har tafiyarsa ta riƙa tangaɗi. In aka yi jinkiri lahanin jijiya ba ya komawa duka. Kada kuma ki dogara da spirulina, garin gansakukar ruwan nan da ake tallatawa, yawancin abin da ke cikinta mai kama da B12 ne wanda jikin mutum ba ya amfana da shi.

Kuma ƙwan a dafa shi ya nuna. Ɗanye yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, kuma jiki kusan rabin furotin ɗinsa kawai yake narkarwa.

Hauwa'u:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Yaya Usman, maganar tsakin nan ta taɓa ni, ban taɓa sani ba. A yanzu dai zan koma cin ƙwan har in ga sakamakon gwajin, in kuma nemi na kajin da ba sa keji. Anti, wake yana kumbura min ciki, shi ya sa ba na yawan ci. Kuma ina shan shayi bayan kowane abinci, ko da matsala?

Anti Binta:

Akwai matsala kuwa, ƙanwata. Ganyen shayi da kofi suna da sinadarin da ke riƙe ƙarfen da ke cikin wake da ganye ya hana hanji zuƙarsa. Ki ba da tazarar awa ɗaya ko biyu tsakanin abinci da shayi. A maimakonsa ki haɗa abincin da abu mai bitamin C: ki matsa lemun tsami a kan waken, ki yanka ɗanyen tumatir ko tattasai, ko ki sha lemun zaƙi bayan kin gama.

Waken kuma ki jiƙa shi tun dare, da safe ki zubar da ruwan jiƙon, ki ɗauraye, ki dafa da sabon ruwa har sai ƙwayar ta murƙushe tsakanin yatsu biyu ba tare da kin matsa da ƙarfi ba. Ki fara da rabin kofi a rana, ki riƙa ƙarawa sannu a hankali, cikin 'yan makonni hanji yakan saba. Kafin nan ki dogara da awara, ita ba ta cika kumbura ciki ba tunda an tace dusar. Gyaɗa kuma duk wadda ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci ki zubar, gubar da ke cikinta tana illa ga hanta. In sakamakon ya fito ki nuna wa likita kafin ki sayi maganin ƙarin jini, don shan ƙarfe ba tare da buƙata ba shi ma yana cutarwa.