Rubutu da menu suna rawa a allon kwamfuta: wa ya taɓa fama da wannan?

Mai shagon buga takardu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwamfutar shagona mai Windows 10 ta tsiro da wata ɗabi'a. Rubutu sai ya yi ta rawa, in na buɗe menu kuwa ya riƙa ƙyafƙyaf kamar kwan lantarki mai shirin ƙonewa. Hotuna lafiya lau. An ce in yi fomatin, ni kuma takardun mutane ne cike a ciki. Don Allah wanda ya taɓa gani ya taimaka.

Mai gyaran kwamfuta:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka taɓa fomatin tukuna. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, Task Manager, shafin da ke nuna manhajojin da ke aiki, zai fito, ka zuba masa ido. In shi ma yana rawa, galibi direban katin hoto ne, wato manhajar da ke sarrafa na'urar da ke kai hoto kan allo. In ya tsaya cak amma abin da ke bayansa na rawa, wata manhaja ce ke kawo cikas. Gwajin da Microsoft da kansu suke bayarwa ke nan. Kwamfutar da aka kawo mini kwanan nan direbanta ne ya sabunta kansa. Na shiga Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin kwamfuta, na buɗe Display adapters, na mayar da tsohon da Roll Back Driver, shi ke nan. Kafin wannan ma, gwada danna maɓallin Windows, Ctrl, Shift da B: allon zai ɗan ɗauke, ka ji ƙara, direban ya sake tashi.

Malamar makaranta:
Ni tawa a burauza kaɗai take yi. Na kashe hardware acceleration, wato sa katin hoto ya taya burauzar aiki, a saitinta, na rufe na buɗe, har yau ban sake gani ba.

Ɗalibi mai Linux:
Yaya mai gyara ya yi gaskiya, amma mu masu amfani da Linux a maimakon Windows tamu daban ce. Laftof ɗina yakan ƙifta ne daidai lokacin da na motsa linzami bayan ya ɗan zauna shiru. Dalilin shi ne PSR: allon kan riƙe hoton da kansa in babu abin da ke motsi, don a tsimi batir, to wajen farkawar ne yake ƙiftawa. Don in kashe PSR ɗin, na ƙara i915.enable_psr=0 a layin GRUB_CMDLINE_LINUX_DEFAULT cikin fayil ɗin /etc/default/grub, na yi sudo update-grub, na kashe na kunna. Batirin ya ɗan rage daɗewa, amma idona ya huta.

Tsohon ma'aikacin ofis:
Duk kun tafi kan manhaja, ba wanda ya tambayi Alhaji wace waya ce ta haɗa kwamfutar da allon. In VGA ce, mai shuɗin kai da kusoshi biyu, a fara da ita. Ƙananan haruffa su ne suke fara nuna matsalarta, shi ya sa hotuna suke fita daidai. A ofishinmu da an tayar da janareta rubutu yake fara girgiza. Ɗaure kusoshin nan tam, ka raba wayar da ta wuta, sannan ka danna maɓallin Auto da ke jikin allon ya daidaita kansa. Ka kuma shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ta tashi, ka duba, Alhaji, domin in rubutun yana rawa a can ma, to ba ruwan Windows. In allon yana da gurbin HDMI, ka ari waya wajen maƙwabci ka gwada kafin ka kashe ko kwabo.