Ferrari F80 da inji mai silinda shida: ni kaɗai abin ya ɓata wa rai?

Totur_Ƙasa ya rubuta:

Salamu alaikum jama'ar gidan nan. Tambaya gare ni, amma ku bar ni in fara da ƙorafi tukuna.

Ranar 17 ga Oktoban 2024 Ferrari ta yaye wa F80 mayafi, motar da za ta gaji LaFerrari. Tun fitowar LaFerrari a 2013 ake jira, shekara 11 ke nan. Lambobin kam ba a magana: ƙarfin doki 1,200, daga tsaye zuwa kilomita 100 cikin daƙiƙa 2.15, ƙurewar gudu kilomita 350 a awa. Guda 799 za a ƙera, kowace wajen Yuro miliyan 3.6, kuma duk sun riga sun samu masu su. Duk na ji. Amma da idona ya kai kan bayanin inji sai na ga V6, lita 3. Silinda shida fa! Magabatanta: F50 da 12 ta zo, Enzo 12, LaFerrari 12, sai yanzu da kuɗi ya kai maƙura aka datse rabi. Na saurari kukanta a bidiyoyin da ke yawo, na ƙure murya, wallahi ban ji komai a jikina ba. Kukan LaFerrari kuwa ko a lasifikar waya ne sai tsigar jikinka ta tashi.

Abin da ya ƙara ƙona min rai, a watan Yunin 2024 Bugatti ta fito da Tourbillon mai silinda 16 ba turbo ko ɗaya, W1 ta McLaren kuma ta zo da 8. Kuma ba wai Ferrari ta daina V12 ba ne, ga 12Cilindri nan tun Mayun 2024. To me ya sa babbar 'yar gida ce aka hana wa? Waɗanda suka san cikin inji ku fahimtar da ni, dabara ce ko tsimi? Sannan baƙin layin nan da aka shimfiɗa mata a fuska daga fitila zuwa fitila, ni kaɗai ne bai yi wa ba?

Bakanike_Mai_Sifana ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Malam Totur, tsimi a motar Yuro miliyan uku da rabi? Haba. Zo mu buɗe bonet tare.

Injin LaFerrari lita 6.3 ne, shi kaɗai yana ba da doki 800. Na F80 lita 3 ne, shi kaɗai yana ba da 900. Wato kowace lita doki 300 take haifarwa. Sauran 300 ɗin daga lantarki suke zuwa: injina biyu a gaba, kowane da tayarsa, ɗaya kuma a baya. Saboda haka tayoyi huɗu ke jan ta, abin da babu shi a F40 ko Enzo ko LaFerrari.

Ga inda dabarar take. Layukan silindan biyu an buɗe su digiri 120, sun kusa kwanciya, shi ya sa injin ya yi ƙasa-ƙasa, turbo biyun kuma suka samu wurin zama a tsakiyar kwarin. Kowane turbo an sa masa ƙaramin injin lantarki a jikin sandarsa. Ka san matsalar turbo tun fil azal: ka taka totur, sai ka ɗan jira hayaƙi ya taru ya juya shi kafin mota ta zabura. A nan ba jira, lantarki ke fara juya shi kafin hayaƙin ya iso. Daga tseren Formula 1 aka kwaso wannan.

Sai abin da mutane ba sa kallo, wato ƙarƙashin mota. Gajeren inji yana barin fili a ƙasa inda iska za ta bi ta fita ta baya, ta riƙa tsotse motar tana manna ta da kwalta. A gudun kilomita 250, nauyin da iska ke danna F80 da shi ya kai kilo 1,050. Dogon V12 da ya cinye wurin. Kuma asalin wannan V6 ɗin ɗaya ne da na 499P, motar tseren Ferrari wadda ta ci tseren Le Mans na Faransa a 2023, ta sake ci a 2024. Kafin nan rabon Ferrari da lashe wannan tseren gaba ɗaya tun 1965. Awa 24 ana gudu ba hutu, ai wannan inji ya wuce a raina shi.

Kuka kuwa, ba zan yi maka gardama ba. Turbo yana zaune ne a kan hanyar hayaƙi, yana cinye ƙarar kafin ta kai salansa. Ba yadda za a yi da wannan.

Dattijon_F40 ya rubuta:

Yaro, ka ce F50, Enzo, LaFerrari, ka tsallake iyayensu. 288 GTO ta 1984 V8 ce mai turbo biyu. F40 ta 1987 ma haka, lita 2.9, doki 478. Ita ce ta ƙarshe da Enzo Ferrari, wanda ya kafa kamfanin, ya sa wa albarka kafin ya rasu a 1988. Yau wa zai tsaya gaban F40 ya ce ba Ferrari ba ce don silindanta takwas? Motar da ba kafet, ba rediyo, ƙofa ma igiya kake ja daga ciki ta buɗe.

Motocin jerin nan sukan aro fasaha daga abin da gidan ke tsere da shi a zamaninsu. F50 ta zo da V12 saboda injinta daga na Formula 1 na 1990 aka samo shi. Tun 2014 kuwa V6 mai turbo da lantarki ake tsere da shi a Formula 1. Kuma shida ba baƙo ba ne a Maranello, garin da ake ƙera Ferrari: da V6 Mike Hawthorn ya ci kambun duniya a 1958, da V6 Phil Hill ya ci a 1961.

Baƙin layin fuska kuma gaisuwa ce ga Ferrari Daytona ta 1968. Ni ma bai burge ni ba. A kan Daytona ya zauna, a nan kamar an liƙa shi ne.

Uwar_Tsere ta rubuta:

Baba Dattijo, da girmanka, tarihi ba ya gyara kuka. Ina bayan Totur.

Ku duba fa, yanzu gudu ya zama abin banza. Rimac Nevera mai batir zalla tana da doki 1,914, ta riga F80 kaiwa kilomita 100, amma wa ke mafarkinta? Idan lambobi ake saye ai da an yi ta layi a ƙofarsu. Shugaban Rimac ɗin ne ma, Mate Rimac, yake jagorantar Bugatti, kuma da ya tashi ƙera wadda za ta gaji Chiron sai ya je wurin Cosworth, kamfanin ƙera injina, aka yi masa V16 mai lita 8.3 da ke juyawa har 9,000 a minti. Mutumin da ya yi suna da lantarki ke nan. Ya gane abin da masu kuɗin nan ke biya.

Ni da za a ajiye min mabuɗai a tebur, T.50 ta Gordon Murray zan ɗauka. V12, juyi 12,100 a minti, giyar hannu mai kulochi, nauyinta bai cika tan ɗaya ba. F80 kilo 1,525 ce tun ba a zuba mata mai da ruwa ba. Na yarda za ta bar T.50 a baya a filin tsere, ta bar ta da nisa ma. To sai me? Sau nawa mai ita zai shiga filin?

Abu ɗaya dai ya ba ni dariya: kujerar fasinja. An ja ta baya kaɗan, an kafe ta ba ta motsi, an yi ta baƙa ta saje da bango, ta direba kuma ja wur. Wato dai an gaya wa fasinja matsayinsa tun kafin ya shiga.

Mai_Lissafi ya rubuta:

Kuna ta faɗa a kan kuka, alhali akasarinsu ba za a ji kukan nasu ba. Za a kai su gareji mai sanyi a lulluɓe, a riƙa goge ƙura, maleji na tsaye, bayan wasu shekaru a fito da su gwanjo. Ni abin da ya tsaya min shi ne yawansu. F50 guda 349 aka yi, Enzo 400, LaFerrari 500 ban da masu buɗaɗɗen rufi. Wannan 799. Ku ninka da miliyan 3.6 ku ga, ya haura Yuro biliyan 2.8. Ferrari ba ta ji ƙorafinka ba, Malam Totur, ƙarar kuɗi ta cika mata kunne.

Totur_Ƙasa ya rubuta:

Na gode ƙwarai. Oga Bakanike, bayanin ƙarƙashin motar ya shige ni, yanzu na ga dalilin gajeren inji. Baba Dattijo, F40 kam na sara mata, amma ita tana tofar da wuta ta salansa, tana huci in an ɗaga ƙafa daga totur, turbonta kuma in ya zo sai ya kusa fizge maka sitiyari. Wannan jiran da Oga ya ce an kashe shi da lantarki, ai shi ne rabin daɗin F40. Har yanzu ina nan a kan bakana: sun ƙera motar da ta fi kowace sauri a gidansu, ba wadda ta fi kowace shiga rai ba.

Oga, wata tambayar kuma: batirin nata, za a iya fita da ita da asuba shiru da lantarki zalla, kamar yadda ake yi da Ferrari SF90?

Bakanike_Mai_Sifana ya rubuta:

A'a. Batirin ƙarami ne, kilowat-awa 2.3 kawai, kuma ba a jona shi a soket, birki da inji ke caja shi. Aikinsa ya ba da ƙarfi da sauri ya kuma karɓa da sauri, ba yawo ba. Tourbillon ce mai batirin kilowat-awa 25, wadda za ta yi wajen kilomita 60 ba ta ta da inji ba. Ka ga abin mamaki: mai silinda 16 ɗin da kake yabo ita ce ke iya fita shiru, mai shidan kuwa dole maƙwabta su ji ta. Ko da yake a cewarka ba abin da za su ji.